Rigar takarda: tsohuwar sana'ar Japan da abin da masu aikin hannunmu za su iya tsinta a cikinta

In mutum ya shiga layin teloli a babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ya ce akwai rigar da ake ɗinkawa da takarda, a sa ta a fita cikin sanyi, wata ma har a wanke ta a shanya, to dariya za a yi mashi. Mu dai abin da muka sani, takarda da ruwa ba su ga maciji. Ta rubutu ce, in ta gama aikinta a ƙunshe ƙosai ko tsire da ita, daga nan sai bola.

Amma a ƙasar Japan an yi ɗaruruwan shekaru ana sa tufafin takarda, kuma har yau sana'ar ba ta mutu ba. Da muka bi diddigin yadda suke yi, sai muka tarar kusan duk abin da suke aiki da shi yana da ɗan'uwa a gonakinmu da dazuzzukanmu. Shi ya sa muka ga ya dace mu kawo maku bayanin, musamman teloli, marina, masaƙa da ƴan matan da ke koyon ɗinki, waɗanda kayan gwanjo da yadin waje suka matse wa kasuwa.

Takardar tasu dabam take

Takardar littafin makaranta da markaɗaɗɗen katako ake yin ta a masana'anta. Silin zaren da ke cikinta gajere ne, milimita 1 zuwa 3 ko 4, shi ya sa da ta jiƙa sai ta ruguje. Takardar gargajiya ta Japan, wadda suke kira washi, da ɓawon ciki na wasu ƙananan itatuwa ake yin ta, mafi shahara shi ne kozo. Silinsa yakan kai santimita 1, wani ya fi haka. In dogayen silin nan suka sarƙe da juna, yaga takardar sai da ƙarfi.

Da sanyi ake aikin. A sare rassan kozo, a turara su har ɓawon ya saki, a saɓule shi kamar yadda muke saɓule rama. A kankare baƙin bayan, a bar farin ciki, a dafa shi da ruwan toka ya yi laushi. Sai a zauna bakin ruwan sanyi ana tsince datti ɗaya bayan ɗaya da hannu, sannan a dake shi da sanda har ya warware. Itacen kuwa ba ya mutuwa, kututturen na sake tohowa, baɗi a ƙara sara.

Daga nan sai a zuba dakakken ɓawon cikin babban kwamin ruwa, a ƙara wani yauƙi da ake samu daga saiwar tsiron da suke ce wa tororo-aoi. Tsiron nan ɗan gida ɗaya ne da kuɓewarmu. Aikin yauƙin shi ne ya hana silin dunƙulewa, ya kuma sa ruwa ya tsiyaye a hankali. Mai aikin sai ya ɗebo ruwan da wata shimfiɗa ta siraran tsinken gora, kamar ƙaramin asabari cikin firam, yana girgizawa gaba da baya har silin ya kwanta bai ɗaya. A jera, a matse, a manna jikin allo ya bushe. A shekarar 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan sana'a cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci a kiyaye.

Hanya ta farko: a murje takarda ta koma yadi

Japanawa na da hanya biyu ta mai da takarda sutura. Ta farko sunanta kamiko. Ana ɗaukar takarda mai kauri a shafe ta da kokon wata saiwa mai suna konnyaku, dangin gwaza ce. In ta sha iska sai a dunƙule ta cikin hannu, a murza, a warware, a sake dunƙulewa, a yi ta yi har ta daina ƙara, ta yi laushi kamar tsohon zane. Kokon shi ke riƙe silin kada ya tashi, ya kuma ƙara wa takardar juriya. Bayan haka a haɗa falle-falle da manni su zama doguwar ƙwarya, a yanka, a ɗinka, sau da yawa a yi mata shafi da yadin auduga.

Me ya kai su ga haka? Auduga ba ta yi a arewacin Japan saboda sanyi, alharini kuwa sai masu hali. Takarda ba ta barin iska ta ratsa, ga ta ba nauyi, don haka talaka da matafiyi suka same ta maganin hunturu. Shahararren mawaƙinsu Basho, da zai yi doguwar tafiyarsa ta arewa a 1689, rigar takarda na cikin ɗan guzurin da ya ɗauka don sanyin dare. Har yau a birnin Nara, a wurin ibadar mabiya Buda da ake kira Todaiji, masu hidima 11 na sa fararen rigunan takarda a wani biki na mako biyu da ake yi cikin watan Maris, bikin da aka faro tun shekarar 752.

Aibin kamiko guda ne: ba a wanke ta kamar sauran kaya. Ana sa ta har ta gaji, inda ta yage a manna maho.

Hanya ta biyu: a kaɗa takarda ta zama zare

Wannan ita ce mai ban mamaki, sunanta shifu, kuma duk wanda ya taɓa ganin tsohuwa na kaɗi da mazari zai gane ta. Ana ninka falle, a yi ta tsaga shi da wuƙa siri-siri, faɗin milimita 2 zuwa 3, amma ba a yanke har baki ba, ana barin gefe biyu a haɗe. A lulluɓe shi da ɗanyen ƙyalle ya kwana. Da safe a ɗora kan dutse mai kaushi a yi ta mirginawa da tafin hannu har kowane tsagi ya naɗe ya zama kamar igiya. Sai a riƙa tsinke gefen, nan dama nan hagu, falle guda ya warware ya zama zare ɗaya dogo ba ƙulli. A kaɗa shi ya yi ƙarfi, a kai masaƙa.

Wani lokaci zaren tsaye na auduga ne ko alharini, na kwance ne kawai takarda. Wani lokaci duka biyun takarda ne. Yadin da ke fitowa ana wanke shi, yana shan gumi, yana ƙara laushi in ya daɗe. Garin Shiroishi, a arewa maso gabashin ƙasar, shi ya fi suna a wannan aiki zamanin da suke kira Edo, daga 1603 zuwa 1868, har sarakuna na ba da yadin kyauta. Manoma kuwa, da ba su da kuɗin sabuwar takarda, tsofaffin littattafan lissafin ƴan kasuwa suke tsagawa. Tawadar rubutun sai ta fito ɗigo-ɗigo a jikin yadin, kamar gashin zabo.

Da yadin masana'anta ya yawaita, sana'ar ta kusa ɓacewa. Ƴan tsirarun masu sana'a ne suka riƙe ta, sannan masu zanen kaya na zamani suka waiwayo ta. Issey Miyake, wanda ya rasu a 2022, ya fito da kayan kamiko a farkon shekarun 1980.

Launi da ado daga jikin tsirrai

Ba takardar kaɗai ke fitowa daga itace ba, har launinta. Shuɗi da baba suke yi, kamar marinanmu, ko da yake tsiron nasu wani iri ne. Ja-ja mai duhu kuwa daga ruwan ɗanyen ɗan itacen kaki ne, wanda ake matsewa a ajiye ya tsima. Ruwan na da ɗaci mai ɗaure baki, irin sinadarin da ke cikin bagaruwa, wanda majemanmu ke jeme fata da shi. In an shafa wa takarda yana ƙara mata ƙarfi, ya rage mata shan ruwa, ƙwari ma ba su son ta. A Shiroishi akan ɗora takardar kan allon da aka sassaƙa wa zane, a bubbuga ta har zanen ya fito ya yi tudu, sannan a shafa launi a kai.

Ganye, fure, igiyar ruwa, tsuntsu: daga nan suke ɗauko adonsu. Mu ma ai ba baƙi ba ne a nan. Saƙin masaƙanmu, mai fari da baƙi, da jikin zabo ake kwatanta shi.

Wasu ƙasashen fa?

A Uganda, mutanen Buganda na ɓare itacen mutuba, ɗan'uwan ɓaure da ceɗiya, su yi ta bugun ɓawon da guduma ta itace har ya baje ya zama mayafi ja-ja mai faɗi. Duk wanda ya taɓa wucewa ta rumfar masu bugun shadda ya san irin wannan aiki. Abin koyi a wurinsu shi ne, da sun ɓare itacen sai su naɗe shi da ganyen ayaba, ɓawon ya sake fitowa, a ƙara ɗiba wata shekara. Shi ma wannan aiki UNESCO ta karrama shi tun 2005.

A Amurka kuwa labarin ya sha bamban. A 1966 kamfanin Scott Paper ya fito da rigar takarda ta mata don talla, kan dalar Amurka 1 da santi 25. Aka yi rububinta, aka sayar da kusan rabin miliyan, amma riga ce ta a sa sau kaɗan a jefar. Kafin shekarun 1960 su ƙare yayin ya wuce.

A Beljiyam an yi wata mai zane, Isabelle de Borchgrave, wadda ta rasu a 2024. Daga tsakiyar shekarun 1990 ta shiga ɗinka rigunan sarauniyoyin da da farar takarda zalla, tana murzawa tana zana furanni da fenti, har mai kallo ya rantse alharini ne. Nata na nuni ne a gidajen tarihi, ba na sawa ba. A New Zealand kuma akwai gasar shekara-shekara ta tufafin fasaha, wadda Suzie Moncrieff ta kafa a 1987 a yankin Nelson, aka mai da ita Wellington a 2005. Can ake ganin mutum ya fito cikin shigar tsuntsu ko fure, da kayan da aka haɗa da takarda, ƙyalle, waya, duk abin da hannu ya kai.

Abin da za a iya gwadawa nan gida

Kozo dai ba mu da shi, kuma kada wani ya ce zai saƙa shifu da takardar littafin makaranta, asarar lokaci ce. Amma akwai abu uku da ba su buƙatar jari mai yawa.

Na farko, duwatsun ado na takarda. Matan unguwar Acholi a birnin Kampala, waɗanda yaƙin arewacin Uganda ya raba da gidajensu, da wannan sana'a da yawansu suka ci abinci. A samo tsohuwar kalanda ko takardar talla mai launi da ɗan kauri. A yanka ta dogayen tsinin mashi, gindin santimita 1 zuwa 2, tsawon santimita 20 zuwa 30. A fara naɗewa daga gindin a jikin tsinken tsintsiya, a matse sosai, a ɗiga wa tsinin manni ko jiƙaƙƙen ƙaro. In an tara da yawa a shiga da su cikin zare, a shafa masu man ƙyalli na kafintoci, wato verni, sau biyu ko uku, kowane shafi a bari ya bushe. Da su ake sarƙar wuya, awarwaro da ƴan kunne. Takarda mai kore da ruwan ƙasa na ba da dutse kamar ƙwallon itace, ana iya gauraya shi da ƴaƴan itatuwa na gaske da aka huda.

Na biyu, murzajjiyar takarda irin ta kamiko. Takardar da ta fi dacewa a wurinmu ita ce mai ruwan ƙasa mai ƙarfi, irin ta manyan buhuna da ambulan. A dama kokon rogo mai ruwa-ruwa, kamar sitatin da ake sa wa kaya, a shafa gaba da baya, a bari ya sha iska, a dunƙule a murza. Sai an maimaita sau da yawa, ba aikin gaggawa ba ne. In ta yi laushi sai a manna ta kan ƙyallen auduga, daga tarin ƙyallayen da ke zube ƙarƙashin keken kowane tela. A ɗinka da manyan taku, don ƙananan taku jere da juna yanka takarda suke kamar reza. Wannan na yin ƙaramar jaka, gidan waya, ɗamara, ko furen da ake maƙalawa a ɗankwali. Mai son furen, ya ɗauko ganyen kalgo ko na mangwaro ya ɗora ya zana, ya yanka, ya matse tsakiyar ya fito da jijiya.

Na uku, buga hoton ganye a yadi. A shimfiɗa farin yadin auduga da aka wanke kan turmin da aka kife ko allo mai ƙarfi, a jera ɗanyen ganye ko fure, a rufe da wani ƙyalle, a bubbuga da guduma a hankali. Ruwan ganyen zai shiga yadin da siffarsa, har jijiyoyin. Ganyen zogale da na dogon yaro na fitowa da kyau. Gaskiyar magana, wannan launin yana kodewa da rana da wanki. In an fara jiƙa yadin cikin ruwan alif, wanda ake sa wa ruwan sha ya kwanta, yana ɗan ƙara kamawa, amma an fi amfana da shi a kayan da ba a yawan wankewa, ko a bi layin ganyen da surfani, in launin ya tafi zanen ya zauna.

Ta fannin rini kuwa, daji da kasuwa cike suke. Ɓawon albasa, wanda ake sharewa a zubar a rumfunan Galmi, na ba da rawaya zuwa ruwan ƙasa. Karan dafi na ba da ja, dukawa sun san shi. Lalle da goro na ba da ruwan ƙasa. Bagaruwa in ta haɗu da ruwan tsatsar ƙarfe baƙi take yi. Zoɓo na da kyau a ido ranar farko, amma ba ya zama, kada a yaudari mai saye da shi.

Mai son ya kai ga yin takardar da kansa, to rama na nan. A ƙasashe da dama ana yin takarda da ita. Silinta bai kai na kozo tsawo ba, amma ya isa takarda mai ƙarfi ta ado. Ruwan toka muna da shi, yauƙin kuɓewa ma masu yin takardar hannu na amfani da shi. Rama shukar shekara ce, don haka ba sai an taɓa kuka ko ɓaure ba. Itatuwanmu sun sha sara ya isa.

A kiyaye waɗannan

Kafin a sa almakashi, a duba abin da ke rubuce. Takardar da ke ɗauke da ayar Alƙur'ani, sunan Allah ko na Annabi (SAW) ba ta shiga wannan aiki, kuma kalandu da yawa na ɗauke da su. Haka takardun da ke da sunayen mutane da sirrinsu, irin na asibiti.

Buhun siminti na takarda na da ƙarfi ƙwarai, amma ƙurar siminti na cin fata, tana kuma cutar da ido da ƙirji. Fallen da ya taɓa simintin a bar shi. Wanda bai taɓa ba a kakkaɓe a goge shi tas, kuma a yi mashi shafi kada ya haɗu da jiki.

Takarda abincin wuta ce, balle an shafa mata verni. Ba a zuwa da irin wannan ado bakin murhu ko kaskon turare. Shi kansa vernin a waje ake shafa shi, inda iska ke kaɗawa, nesa da yara. Ƙananan duwatsun kuma kada a bar su inda mai rarrafe zai kai baki. Wurin ajiya ya zama busasshe, sama da ƙasa, saboda gara da laimar damina.

To, wa zai saya?

Nan ne gizo ke saƙa. Babu wanda zai bar atamfa ko shadda ya koma rigar takarda, mu ma ba haka muke cewa ba. Kasuwar wannan aiki ta ƙananan kayan ado ce: ƴan mata, kyautar biki, baƙi masu neman tsaraba, da masu shirya nunin tufafi. Ƙasarmu ba baƙuwa ba ce a fagen. Alphadi ya buɗe bikin FIMA a 1998 a Tigidit, cikin yankin Agadas, ya jawo idon duniya kan ɗinkin Afirka. A Yamai akwai baje kolin SAFEM na sana'o'in mata, ga ƙauyen masu sana'a na Wadata, ga masu aikin hannu na gidan tarihi na Bubu Hama. Kayan da suka fito da kyau suna da inda za a kai su.

Abin da zai raba mai ciniki da mai kwantai shi ne ƙarko da faɗin gaskiya. Rigar Amurka ta 1966 araha gare ta amma ba ta jima ba, shifu kuwa mai cin kwanaki kafin a gama ɗan yadi kaɗan har yanzu ana neman sa. Duk wanda ya yi sarƙa ko jaka, ya fara sa ta da kansa mako biyu ko uku, cikin gumi da ƙura, ya ga inda take sakewa ya gyara. Wajen sa farashi ya lissafa da lokacinsa, kada ya ce ai takardar kyauta ya samo. Kuma ya faɗa wa mai saye tun farko cewa takarda ce, a cire ta kafin wanka da alwala.

Masu koyar da ɗinki a cibiyoyin mata da matasa za su iya farawa da duwatsun ado, tunda abin da ake buƙata bai wuce almakashi, tsinke, ƙaro da ɗan gwangwanin verni ba. Kalandun bara kuwa, yanzu haka suna nan rataye ko jibge a ofisoshi da shaguna, sai a je a roƙo kafin a kai su bola.